Birkin Gaban Tsanwa Ya Yi Shiru

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, da hannun da bai taɓa rubuta abin da manya za su karanta ba, ake fitar da wannan sanarwa. Wadda ta rubuta tana neman afuwa tun ba a yi nisa ba. Ba ita ta dace ba. A gidan akwai masu gemu, akwai waɗanda suka san marigayin tun ba a haifi uwarta ba, sai dai duk wanda aka miƙa wa biro sai ya tuna yana da aiki a gona, har abin ya gangaro kan Siddiqa, jikar gidan, don kawai ita aka saba gani da littafi a gindin turmi. Tana kuma roƙon malamai kada su ga rashin ladabi. Ta san bambancin mai rai da ƙarfe, shi ya sa ba ta ɗora aya a saman takardar nan ba. Kalmomin ta'aziyya kawai ta ara, don ta duba ba ta sami wasu da za su ɗauki abin da ya faru ba.

Iyalan marigayi Alhaji Mijinyawa na Yammedi, ta bakin babban ɗansa Malam Falalu, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Karaye da Rogo da ƙauyukan da ke tsakani, rasuwar amintaccen baran gidansu, Birkin Gaban Tsanwa. Ya cika a garejin Sulle bakanike, a cikin kakar nan, bayan doguwar jinyar da ya daɗe yana fama da ita a tsaye.

Wanda bai san Tsanwa ba, baƙo ne, kuma za a yi masa bayani. Mota ce 'yar ƙarama, koriya, mai kujera biyu rak. Rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi baya. Ƙafafunta da wayoyi kamar na keke, sitiyarinta kuwa a dama yake, domin ta shigo ƙasar nan tun kafin a sauya hannun tuƙi. Alhaji Mijinyawa ya saye ta a hannun wani Bature mai sayen gyaɗa da zai koma garinsu. An yi masa dariya a kasuwar Rogo, wai ga mai awon gyaɗa ya sayi motar da ko buhu biyu ba ta ɗauka. Ya ce da su ai ba don gyaɗa ya saye ta ba, gyaɗa tana da jakunanta.

Tare da ita marigayin ya zo. A gaskiya tagwaye ne, gangar ƙarfe ta hagu da gangar ƙarfe ta dama, kowace da takalman birki biyu a cikinta, amma suna ɗaya ake kiransu da shi, kuma da shi za a ci gaba. Ta dama ba a taɓa jin bakinta ba. Ta hagu ce mai muryar.

An shaidi marigayin da rashin son a gan shi. Duk tsawon rayuwarsa a bayan ƙafa ya yi ta, cikin duhu da taɓo. Ana yabon fentin Tsanwa, ana yabon ƙugin injinta, yara suna leƙa fuskarsu a fitilunta, shi kuwa ba mai tuna shi sai an ga hatsari. Ya tsaya wa akuya. Ya tsaya wa jaki da kayan harawa. Ya taɓa tsaya wa kaza da 'yan tsakinta a Rogo Ruma har sai da na ƙarshen, wani ɗan gurgu, ya gama tsallakawa. Abincinsa ɗan man birki ne, shi ma sai an tuna. Ba a faɗin aibin mamaci, amma tun da duk gari ya sani, yana da hali biyu: ba ya son ruwa, idan aka ratsa rafi da damina sai ya yi fushi ya ƙi kamawa har ya bushe, sannan yana da son hagu. Ko yaya aka taka shi da ƙarfi sai ya ɗan fizgi motar ta wannan gefen.

Abin da aka fi saninsa da shi dai murya ce. Gidan Alhaji a ƙarshen gangare yake, a saman gangaren kuma akwai tsamiya. Al'adar Alhaji ce idan ya iso tsamiyar ya kashe inji, ya bar Tsanwa ta sulalo shiru. Shi ya ce ba ya son ya shigo wa iyalinsa da hayaniya, masu tsokana suka ce tsimin fetur ne. Ko ma mene ne, ba a jin komai sai ya zo daidai ƙofar zaure, sannan ya taka, ya ɗaga, ya sake takawa.

Ƙiii. Ƙiiiit.

Da wannan ake sanin maigida ya dawo. Da shi Hajo, matar Alhaji, ta yi aure ta tsufa. Tun tana amarya ba ta taɓa kai lomar tuwon dare bakinta ba sai ta ji kukan nan. Idan ta ji, sai ta zuba a akushi, ta zaɓi tsoka mai kyau ta ɗora, ta aika zaure. Abin da ya dawo a akushin shi ne nata. Ba wanda ya ɗora mata wannan. Ta ce tuwo ba ya yi mata daɗi sai hannunsa ya riga shiga.

Sannu a hankali idon Hajo ya tafi. Bayansa tunani ya soma zubewa, kamar hatsi daga buhun da ɓera ya huda, yau kaɗan gobe kaɗan. A cikin wannan hali Alhaji ya rasu. Aka faɗa mata, ta yi kuka. Gari ya waye ta tambaya ko ya karya kafin ya fita. Aka sake faɗa mata, ta sake yin kukan sabo fil, kamar yanzu aka shigo da labarin. A karon ƙarshe faɗuwa ta yi, sai da aka yayyafa mata ruwa. A ranar Malam Falalu ya tara gidan ya ce, muddin yana numfashi, ba wanda zai ƙara kashe mahaifinsa a kunnen mahaifiyarsa. Sai dai shirun bai sa ta ci abinci ba. Ta zauna tana saurare, akushi a gabanta a rufe.

Nan marigayin ya karɓi aikin da ya fi kowane girma a rayuwarsa. Malam Falalu ya jingine babur ɗinsa, ya kakkaɓe Tsanwa, ya soma zuwa shagonsa na taki da iri a Karaye da ita. Idan rana ta yi sanyi ya taho, ya kashe inji a tsamiya, ya sulalo, ya taka. Daga can ciki sai a ji Hajo ta ce Alhaji ya dawo, a kai masa ruwa. Sai ta laluba tukunya da hannunta ta zaɓo tsokar. Laure, matar Malam Falalu, ta ɗauki akushi ta kai zaure. Shi kuma ya zauna a kan buzun mahaifinsa, ya ci, ya rage.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani, ko da yake wadda ta rubuta tana jin nauyin faɗa. Malam Falalu ɗan fari ne. Hajo kuwa mace ce ta dā sosai, mai kunyar ɗan fari irin wadda yanzu ba a cika gani ba. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Idan dole ta yi sai ta ce wancan, ko babban. A hannun kakarsa ya tashi. Ko gaisuwar safe, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ta amsa tana fuskantar bango. Yanzu ga shi da furfura a gemu, yana buɗe akushi yana tarar da tsokar da uwarsa ta zaɓa da yatsunta, abin da bai taɓa samu ba tun da aka haife shi, kuma ya san ba shi aka zaɓar wa ba. Yakan daɗe yana kallonta kafin ya ɗauka. Wani lokaci har ta huce. Amma bai taɓa mayar da ita ba, don idan tsoka ta dawo Hajo takan ce Alhaji ba shi da lafiya.

Haka aka yi shekaru, marigayin yana ciyar da tsohuwa da muryarsa, bai taɓa fashi ba.

Ciwon ajalinsa ya soma ne da dushewar murya. Kukan ya ƙara tsawo, wata ƙara ta shiga ƙarƙashinsa, ƙiiii-ƙrrr, kamar mai majina a ƙirji. Fedar da ake takawa kuma ta riƙa nutsewa ƙasa fiye da yadda aka saba. Sulle, wanda tare suka yi makarantar allo da Malam Falalu, don haka ba ya tauna masa magana, ya cire ƙafar motar ya duba, ya ce masa wannan kukan da yake taƙama da shi ba sallama ba ce, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Ya ce fatar takalman ta ƙare har kusoshi sun fito, gangunan kuma an sha kai su a goge cikinsu har sun koma kamar gwangwanin madara. Ko an sami sabuwar fata, wanda da wuya, kukan zai tafi, domin lalacewar ce ke yin kukan. Ya ce abin da ake yi wa irin waɗannan tsofaffin motoci yanzu shi ne a cire gangunan gaba ɗungurungum a sa birkin faifai. Malam Falalu ya ce a mayar masa da ƙafar motarsa. Sulle ya mayar, yana cewa da motar da mai ita duk asibiti ɗaya ya kamata a kwantar da su.

Malam Falalu ya ci gaba da lallaɓawa. Ya rage gudu. Ya koyi soma takawa tun daga nesa.

Sai ranar Kausar. Kausar ita ce autar Malam Falalu, ba ta daɗe da iya gudu ba. Da yammacin nan an tara harawar gyaɗa a gefen ƙofar gida ana jiran a ɗora a kan rumfa. Yarinyar ta leƙo daga zaure ta hangi koriyar mota tana sulalowa, ta san mai zuwa, ta fito da gudu tsakiyar hanya hannuwa a buɗe. Malam Falalu ya danna birki. Fedar ta tafi har ƙasa ba ta tarar da komai ba. Bai ɗaga ƙafar ba, ya ce ko ya so ɗagawa ba ta ɗaguwa, ta sandare a wurin. Yana ganin kitson yarinyar, yana ganin haƙoranta biyu na gaba. Sannan marigayin, da ɗan abin da ya rage masa, ya kama.

Ƙiii. Ƙiiiit.

Son hagun nan da aka yi shekaru ana zarginsa da shi, shi ya fizge motar ta kauce, ta cusa hanci cikin harawa. Gefenta ya shafi rigar Kausar ya wuce. Yarinyar dariya take yi, ta zaci wasa ne. Uban ya kasa fitowa, sai da maƙwabta suka ɓamɓare hannunsa daga sitiyari. Can cikin gida kuwa Hajo ta ce Alhaji ya dawo, da wata murya mai haske da aka daɗe ba a ji ba, har ta ce yau a ƙara masa man shanu.

Washegari aka ɗaure Tsanwa da igiya a bayan motar ɗaukar masara aka kai ta wurin Sulle.

Waɗanda suka halarci cikawarsa sun ce bai tafi da sauƙi ba. Sulle ya sauko da kayan daga Kano: faifan ƙarfe biyu masu sheƙi, da abin da ke matse su, wanda yake kira kalifa, da sababbin tiyo. Aka ɗaga motar, aka bugi notin tsakiyar ƙafa mai kunne biyu da guduma har ya saki. Gangar dama ta fito ba gardama, kamar yadda ta rayu. Ta hagu ta ƙi. Sai da aka jiƙa ta da kalanzir, aka yi ta bugun gefenta, sannan ta saki da wata 'yar ƙara, baƙin gari ya zubo daga cikinta kamar kwalli. Mai walda ya yanko ƙarfen da zai riƙe kalifa, don ba a ƙera motar da wurinta ba. Da aka gama ɗaurawa aka zo fitar da iska daga cikin mai, sai Sulle ya ce mai mota ya shiga ya taka da kansa. Sulle yana ƙasa yana cewa taka, riƙe, saki, Malam Falalu yana bi, yana jin fedar tana ƙara tauri a ƙarƙashin ƙafarsa, tana zama ta wani baƙo.

Suka fita gwaji a hanyar Rogo. Malam Falalu ya taka. Tsanwa ta tsaya cak, a miƙe, har hularsa ta faɗo kan cinyarsa. Ba hagu, ba dama, ba ko tari. Sulle ya daki ƙofar motar don murna ya ce sauro ma ya fi wannan birki surutu. Malam Falalu ya ce masa sannu da aiki. Rana tana dukansa, amma sanyi yake ji.

Da yamma ya sulalo daga tsamiya ya tsaya a ƙofar gida, ba wanda ya san ya zo. Hajo ta zauna da akushi a gabanta har aka yi kiran magariba, ta ce Alhaji ya yi dare, a rufe masa.

An yi dabaru, kuma za a faɗe su don kada a ce iyalan sun zauna. An shigo da inji a kunne ana danna hon, ta ce a je a ga wane baƙo ne, Alhaji ba direban haya ba ne da zai yi hon a ƙofar gidansa. Sulle ya zo da kansa ya tsuguna a bayan katanga yana goga tsohon takalmin birki a cikin ganga, ta ce a kori mai wasa wuƙan nan daga bayan ɗakinta. An tono wani bidiyon biki a waya inda kukan ya fito, aka kunna a zaure, ta ce wannan daga cikin gwangwani yake magana. Laure ta dama fura, ta yi kunun gyaɗa, ta yi ɗan wake da man shanu. Hajo takan kurɓi ruwa, da safe ta karɓi cokali ɗaya na koko don kada a dame ta, shi ke nan. Ba ta faɗa, ba ta kuka. Kunne kawai ta kafa wa ƙofa. Awarwaronta da ke tsayawa a wuyan hannu ya soma zamewa har gwiwar hannu.

Malam Falalu ya daina zuwa gaisuwar safe. Ba ya iya durƙusawa a ƙofar nan ya ji tana tambayar Laure ko an sami labari daga hanya. Yakan fice tun ana sallame asuba, idan ya dawo ya maƙale a zaure, ko tari ba ya yi. Yana ganin ya rage mata ciwo ne.

Da abin ya kai inda ya kai, ya koma gareji ya ce da Sulle a mayar da gangunan. Sulle ya goge hannunsa, bai yi musu ba.

“Zan mayar, Falalu. Amma ka zo da Kausar ta tsaya a gaban motar mu gwada.”

Malam Falalu ya zuba gangunan a buhun gyaɗa ya ɗora a kujerar da ba kowa, ya taho da su gida suna ƙwanƙwasar juna a hanya. Daga tsamiya zuwa ƙofa ya duba abin ta kowace fuska. Idan ya mayar, wata ran 'yarsa ce. Idan bai mayar ba, uwarsa ce, kuma ba wata ran ba, kwanan nan. Rantsuwar da ya yi a gaban gida kaɗai ta rage a hannunsa da zai iya karyawa.

Ya shiga da buhun har cikin ɗakin Hajo, inda bai taɓa wuce bakin ƙofa ba tun da ya yi wayo. Ya ajiye, ya durƙusa a gaban gadon. Wadda ta rubuta tana lungun ɗakin da kofin ruwa a hannu, ta rasa ta inda za ta fita, shi ya sa ta ji.

Ya faɗa mata duka, kansa a ƙasa. Ya ce birkin ya lalace, ya kusa taka Kausar, shi ya sa aka cire, kuma ba zai mayar ba. Ya ce Alhaji ya daɗe da rasuwa. Ya ce duk shekarun nan shi ne ke shigowa da motar, shi ne ke cin tuwon, ta yafe masa. Laure tana bakin ƙofa da buta, tana jiran faɗuwa.

Hajo ba ta faɗi ba. Ta juya fuskarta bango, kamar yadda ta saba idan yana wurin.

“Alhaji sau biyu yake takawa,” in ji ta. “Wancan kuwa sau ɗaya yake dannawa, kamar mai jin haushin motar.”

Malam Falalu ya ɗago kai.

“Wata ran nakan san wane ne. Wata ran ban sani ba. Mai shigowa dai da yunwa yake shigowa. Da wane baki zan ce a kai wa ɗan fari tsoka?”

Ta ce da kukan ya ɗauke, gaisuwar safe ma ta ɗauke, sai ta ɗauka duk biyun ne suka tafi aka ɓoye mata. Ta iya tambayar labarin Alhaji, amma ɗayan ba ta da sunan da za ta tambaye shi da shi. Sannan ta ce a kawo mata yarinyar. Aka kawo Kausar, ta laluba ta tun daga kitso har yatsun ƙafa, tana ƙirga gaɓoɓi da hannu, yarinyar tana zillewa tana cewa cakulkuli ne. Da ta tabbata ba abin da ya ɓace, ta sake ta.

“Ran nan da na ce a ƙara man shanu,” ta ce, “sau biyu aka taka. Shi ne na ce yau kam da kansa ya zo.”

Malam Falalu ya ce, a hankali, shi sau ɗaya ya taka ranar, kuma bai ɗaga ƙafa ba.

Hajo ta ce ta sani.

An kai wa Sulle wannan magana daga baya. Ya ce gangar da ta cinye ba daidai ba takan kama ta saki ta sake kamawa, ba wani abin mamaki ba ne. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa, kuma bai ƙara tsokanar kowa ba ranar. Wadda ta rubuta ba ta da ilimin birki, don haka ba ta da ra'ayi.

A daren dai an kai akushi zaure. Hajo ce ta zaɓi tsokar, ta ce a kai wa wanda ya dawo. Ya ci, ya rage. Ragowar ta shigo, Hajo ta wanke hannu ta ci loma huɗu ko biyar, ta sha ruwa, ta ce miyar ba gishiri. Laure ta fita bayan rumbu ta yi kukanta a can.

Marigayin ya rasu ya bar Tsanwa, wadda har yanzu idan ta zo ƙofar gida takan ɗan karkata hanci hagu don sabo, ko kuwa hannun mai tuƙin ne. Ya bar ƙannensa biyu, gangunan baya, suna nan suna aiki cikin rufin asiri. Ya bar birkin hannu, wanda ya daɗe a kwance, da dutsen da ake sa wa a ƙafa a madadinsa. Ya bar akushi. Ya bar Kausar, da ƙafafunta biyu. Magajinsa, birkin faifai, yaro ne mai ladabi da ƙwazo, ba a same shi da laifin komai ba, sai dai ba ya gaisuwa. Saboda haka yanzu Malam Falalu ne ke shiga da ƙafarsa har bakin gado ya ce, Iya, na dawo. Takan amsa wa bango. Wata ran ta ce a kai wa wanda ya dawo abinci. Wata ran ta tambaya, wanne daga ciki? Ko wace amsa aka ba ta, tana ci.

Hajo ce ta ce a yi wannan sanarwa. Ta ce wanda ya yi wa gida bauta haka ba a jefa shi bayan gareji kamar gwangwani, sai an gaya wa mutane.

Ga yadda aka tsara. Za a wanke marigayin da kalanzir ranar Juma'a da hantsi a ƙofar gida, Sulle ne zai jagoranta. Ba za a yi masa salla ba, ƙarfe ne. 'Yan gwangwan da suka riga suka soma zagaye da kurarsu, ana gode musu, ana kuma roƙon su wuce. Gangar dama, wadda ba ta taɓa magana ba, za a kai ta makarantar Islamiyya ta unguwa a rataye a bishiya, a riƙa buga ta idan an tashi yara, ko ta sami bakin da ba ta yi amfani da shi ba. Gangar hagu Hajo ta ce a bar mata. An sa mata ƙafa uku a wurin mai walda, za ta zama kaskon garwashi a gefen gadonta. Za a raba waina da gumba sadaka, ladan kuwa ba na ƙarfe ba ne, na Alhaji Mijinyawa ne, Allah ya ji ƙansa, ya haskaka makwancinsa.

Masu zuwa gaisuwa su zo da hantsi, ko su bari sai bayan magariba. Idan rana ta yi sanyi, ana roƙon kada a yi hon, kada a buga ƙofa, masu babur su kashe tun daga tsamiya. A wannan lokacin tsohuwa takan ɗaga kai ta juya kunne wajen zaure, tun motar ba ta iso ba, kuma duk wanda ke tsakar gida yakan sami kansa ya dakata da abin da yake yi. Ba wanda ya ce ya ji wani abu. Ba kuma wanda ya tambayi ɗan uwansa.

Idan an ga kuskure a rubutun nan, na mai rubutun ne, ba na iyalan ba. Za ta manna takardar a jikin zaure yanzu, tun maza suna masallaci, da ɗan ƙullun da ta ɗebo a madafa. Ga inuwar tsamiya ta soma miƙowa gangare. Za ta bi ta ƙofar baya, takalmanta a hannu.